Ɗan yanyawar da na raina ya koma cizo, ina matsalar take?

TAMBAYA: Salam Malam, daga Marwa nake rubuto maka. Yara ne suka tono min ɗan yanyawa a rami bayan gonar gero, idonsa ma bai gama buɗewa ba, na dinga ba shi madara da sirinji har ya girma, toh yanzu kuma sai gurnani, jiya ya kashe min kaji biyu ya ciji ƙanena a yatsa. Alhali na ga bidiyo a Facebook mutanen Rasha na wasa da nasu kamar kare. Dan Allah ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kafin komai, a wanke yatsan yaron nan da ruwa da sabulu na minti 15 a kai shi asibiti yau ɗin nan a fara masa allurar haukan kare, kar a ce ai ɗan ciwo ne.

Ba ka kuskure ba, waɗancan na Rasha ba reno ne ya gyara su ba, zaɓen iri ne. A 1959 wani masani Dmitri Belyaev ya fara aikin a Novosibirsk can Saberiya da maza 30 da mata 100, irin yanyawar ƙasar sanyi da ake kiwo don fatarsu. A miƙa wa ɗan hannu, wanda bai kai cizo ba bai gudu ba shi kaɗai za a bari ya hayayyafa, haka ake yi duk shekara, da ya rasu a 1985 Lyudmila Trut ta ci gaba. Zuwa zuriya ta 6 wasu sun fara kaɗa wutsiya suna lasar mutum.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da aka gani cikin jininsu. Akwai sinadarin firgici irin su kotizol da jiki ke zubowa in dabba ta tsorata, kuma yawancin cizon naman daji ai tsoro ne ba mugunta ba, to bayan zuriya 12 sinadarin ya ragu da kusan rabi. Serotonin kuma, wanda ke danne faɗa a ƙwaƙwalwa, ya ƙaru. Ɗan yanyawar da ba a zaɓi irinta ba yana fara tsoron baƙo tun yana sati 6, na waɗanda aka zaɓa kuwa sai sati 9 ko fiye, kaga ya samu lokacin sabawa da mutum kafin tsoro ya shige shi.

Masanan sun ma ware wata zuriyar ta masu faɗa zalla, aka ɗauki 'ya'yansu aka ba uwa mai sanyin hali ta shayar, wlh suka tashi da faɗansu. Naka kuwa iyayensa a rami suke, madarar sirinji ba za ta taɓa wannan sinadarin ba.

Ka nisanta shi da yara da akurki tukuna, kar ka sake shi, likitan dabbobi ya fara ganinsa saboda cizon nan, shi zai haɗa ka da ma'aikatan gandun daji.