Injin Jirgina Ba Ya Cajin Batir

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da jirgin ruwa da nake jigilar fasinja da shi a Yawuri, injinsa Yamaha ne mai ƙarfin doki 40. Na sayi sabon batir saboda fitilun dare, amma bayan kwana biyu ko uku sai ya mutu, alhali inji yana aiki kullum. Wani ya ce in cire kan batir inji na aiki, in ga ko injin zai mutu. Shin in gwada?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kuskura ka yi wannan gwaji, domin cire kan batir inji na juyawa yana iya ƙona rektifaya (na'urar da ke daidaita wutar inji ta shiga batir) nan take, kamar yadda haɗa wayoyin batir a juye yake ƙona ta. Gwajin ma ba zai nuna maka komai ba, tunda wutar fulogi a irin wannan inji ba daga batir take zuwa ba.

Abin da kake bukata shi ne mitar auna wuta. Ka auna batirin alhali inji na kashe, bayan ya huta. Cikakken batir yana nuna kusan bolt (ma'aunin ƙarfin wuta) 12.6. Sannan ka tayar da inji a cikin ruwa, ka ƙara masa gudu, ka sake aunawa. Idan caji na shiga, za ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Idan lambar ba ta motsa ba, wuta ba ta isowa. Idan kuma ta haura 15, wutar ta yi yawa, kuma ita ce ke ƙafar da ruwan batir.

Kafin ka zargi wani abu mai tsada, ka duba kan batir da fiyus da mahaɗar wayoyi, domin danshin kogi yana sa su tsatsa, noti guda da ya saki kuma ya isa ya hana caji. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa.

Idan waɗannan lafiya suke, sai a koma ƙarƙashin farantin da ke juyawa a saman inji, inda kwayil ɗin fitila yake. Maganaɗisun jikin farantin ne ke sa kwayil ya samar da wuta mai kai da komo, rektifaya kuma ta mayar da ita irin wadda batir ke karɓa. Makanike ya auna wayoyin kwayil: idan wutar na ƙaruwa da gudun inji, kwayil na da lafiya, laifin na rektifaya ne. Ya kuma tabbatar akwai rektifayar tun farko, domin yawancin injinan da ake tayarwa da igiya ba sa zuwa da ita.

Ka lura kuma cewa wutar ƙaramin inji kaɗan ce, sau da yawa ba ta wuce amfiya (ma'aunin yawan wuta) 6, kuma sai yana gudu sosai take kai hakan. Idan manyan fitilu da cajin wayoyin fasinja sun fi abin da yake bayarwa, batir zai mutu ko da babu abin da ya lalace. Ka koma fitilun LED, ka ƙara da ƙaramin farantin sola.