Tambaya da Amsa: Akwatin Rubutuna Yana Cinye Harafin Ƙarshe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan ana lafiya. Ni ɗalibi ne, watana huɗu da fara koyon Python. Yayana yana da shagon kayan masarufi, na yi masa alkawarin 'yar manhaja da Tkinter wadda zai rubuta sunan kaya ta fito masa da farashi. Abu biyu sun hana ni barci. Na farko, na rubuta akwati.bind("<Enter>", nema) don in an danna Enter ta yi nema, amma maɓallin ba ya yin komai, sai dai manhajar ta riƙa nema ita kaɗai kamar mai iskokai. Na biyu, da na koma "<Key>", in na rubuta "sukari" sai ta nemo "sukar", in na rubuta "gishiri" ta nemo "gishir". Kullum harafi ɗaya ya ɓace. Ko dai kwamfutar ce ta tsufa? Ɗalibinka daga Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka bar kwamfutar nan ta huta, ba ta da laifi ko ɗaya. Ramuka biyu ka faɗa, kuma duka biyun na riga ka faɗa musu.

Na farkon ya fi ban dariya. Tkinter riga ce da Python ta sa wa wani tsohon kayan aiki mai suna Tk, wanda John Ousterhout ya ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya fito a 1991. A yaren Tk, kalmar Enter ba maɓalli take nufi ba. Ma'anarta "shiga", wato kibiyar linzami ta shigo cikin akwatin. Abokiyar tafiyarta Leave, lokacin da kibiyar ta fita. To ka ga iskokan naka: duk sadda hannunka ya goga linzami kibiya ta ratsa akwatin, manhajar ta yi abin da ka umarce ta. Maɓallin da kake nema sunansa Return, suna ne da aka gada daga tafireta, inda ake mayar da kan keken farkon layi. Ka rubuta haka:

akwati.bind("<Return>", nema)

Shekarun baya na yi wa wani kantin magani manhajar rajistar ciniki da wannan kuskuren a ciki. Yaron kantin ya kira ni da daddare wai cinikin farasitamol ɗaya ya shiga littafi sau tara. Na kwana ina zargin ma'ajiyar bayanai, ashe kowace gilmawar linzami ciniki take rubutawa. Sai da asuba na gano, na kuma yi shiru ban gaya wa mai kantin dalili ba.

Tun da kana nan, ga 'yan ƙayoyi da ke kan hanyar. Kada ka sa baka bayan sunan aikin, wato nema() a cikin bind, domin Python za ta gudanar da shi nan take tun taga ba ta buɗe ba, daga nan maɓallin ya zama kurma. Sannan bind, wadda ke ɗaura aiki a kan maɓalli ko motsin linzami, ba ta kiran aikinka hannu rabbana, tana miƙa masa takardar bayanin abin da ya faru. In ba ka tanadi wurin karɓarta ba, za ka ga jan rubutu yana cewa "takes 0 positional arguments but 1 was given". Shi kuwa botin na kan taga, wanda ake haɗawa da command, ba ya miƙa komai. In kana son aiki ɗaya ya yi wa duka biyun hidima, rubuta def nema(bayani=None), shi ke nan. In kwamfutar shagon Linux ce, ka ƙara "<KP_Enter>" don maɓallin Enter na ɓangaren lambobi, a can sunansa daban. Ka kuma kira akwati.focus_set() don yayanka ya fara rubutu da buɗe manhaja ba sai ya lalubi linzami ba, domin labarin maɓalli akwatin da ke riƙe da alƙalami kaɗai yake isa.

Yanzu harafin da ke ɓacewa. Nan ne karatun yake, ka gyara zama.

Idan ka danna maɓalli, harafin ba ya faɗawa akwati kai tsaye. Labari ne ake ɗauka ana bi da shi hawa-hawa, kamar ƙara a garinmu: mai unguwa, dagaci, hakimi, sarki. Ka gwada print(akwati.bindtags()) ka gani da idonka, sunaye huɗu za su fito a jere: akwatin naka, sai ajinsa mai suna Entry, sai tagar da yake ciki, sai all. Aikin da ka ɗaura da bind yana zaune a ƙofar mai unguwa, shi ake fara sanarwa. Wanda ke ɗaukar harafin ya rubuta shi cikin akwatin kuwa dagaci ne, wato ajin Entry. Saboda haka lokacin da aikinka ya leƙa da akwati.get(), harafin "i" na ƙarshen sukari yana hanya bai iso ba. Babu abin da aka cinye, kai ne ka yi sammakon leƙe.

Wannan jerin yana da amfaninsa. In aikinka ya ƙare da return "break", mai unguwa ya kashe maganar a ƙofar gidansa ke nan, dagaci ba zai ji ba, harafin ba zai taɓa bayyana ba.

Maganin da za ka fi ji a bakin abokai shi ne ka koma "<KeyRelease>", wato a sanar da kai lokacin da yatsa ya ɗaga, sadda harafin ya riga ya zauna. Yana aiki, ban hana ka ba, amma ni ba na son sa a nan. Zai tashe ka ko da kibiyar hagu aka danna ko Shift, alhali rubutun bai canja ba. Mafi muni, in rubutun ya canja ba da maɓalli ba, misali an liƙa shi da linzami ko manhajarka da kanta ta share akwatin bayan ciniki, ba zai ce maka uffan ba, jerin farashin ya tsaya a kan tsohon kaya.

Tambayi kanka me kake so ka sani. Yayanka bai damu da wane maɓalli aka taɓa ba, damuwarsa me ke rubuce a akwatin yanzu. To akwatin za ka sa wa ido, da StringVar mai riƙe abin da ke rubuce a cikinsa:

rubutu = tk.StringVar()
akwati = tk.Entry(taga, textvariable=rubutu)
rubutu.trace_add("write", nema)

Yanzu ko ta wace ƙofa canji ya shigo, za a kira nema bayan ya auku, rubutu.get() kuma ya ba ka "sukari" cikakke. Abu biyu za ka kiyaye. Wannan kiran abubuwa uku yake miƙowa ba ɗaya ba, don haka rubuta def nema(*komai) ka huta. Kuma trace_add a Python 3.6 ta shigo, in ka ga tsofaffin darussa suna rubuta trace("w", ...) tsohon yayi ne. Ƙari ɗaya: in ka ƙirƙiri rubutu a cikin wani aiki ba ka adana shi a wuri mai ɗorewa ba, Python za ta share shi da aikin ya ƙare, sa idon ya mutu ba tare da ko jan rubutu ba.

Return da Escape ka bar musu bind, su umarni ne: Return ya shigar da ciniki, Escape ya share. Ranar da yayanka ya sayi na'urar karanta lambar jikin kaya za ka gode wa Allah, domin yawancinsu shigar allon maɓallai suke yi, su zuba lambobin sannan su danna Enter da kansu. A gaida shi, a ce ina jiran kwalin shayi na.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina haɗa fom na rajistar ɗalibai a islamiyyar unguwarmu. Na hana akwatin lambar waya karɓar haruffa, ya yi, amma in mutum ya yi kuskure ya zo gogewa, lambar farko ta ƙi goguwa. Akwatin suna kuma ya ƙi karɓar Sa'adatu da Ɗanladi. 'Yarka daga Maraɗi.

Amsa: Barka kadai, 'yata, Allah ya saka da hidimar makaranta. Ba ki turo kod ɗin ba, amma alamun sun ishe ni. Ina kyautata zaton kin yi amfani da validate="key" da validatecommand, kuma kin kyauta, domin duk da sunansa, wannan mai gadin yana tare har abin da aka liƙa, ba bugun maɓalli kaɗai ba. Alamar "%P" tana miƙo wa aikinki yadda rubutun zai kasance in an yarda da canjin. Ki lura: in saura lamba ɗaya aka goge ta, abin da zai rage fanko ne, shi kuwa isdigit(), mai duba ko rubutu lambobi ne zalla, in aka ba shi fanko "a'a" yake cewa. Mai gadin naki ya hana akwatin zama fanko ke nan. Ga gyaran:

def duba(sabo):
    return sabo == "" or (sabo.isdigit() and len(sabo) <= 8)

Na sa 8 don lambobin Nijar, in akwai iyayen da ke da layin Nijeriya ki mai da shi 11. Kada kuma ki mai da lambar waya int, wato adadin lissafi, sifirin farkon lambobin Nijeriya zai faɗi. A rubutu za ki adana ta. Ki tabbata aikin yana dawo da True ko False ta kowace hanya ya bi. In ya dawo hannu wofi sau ɗaya, Tk za ta sallami mai gadin a ɓoye, akwatin ya koma karɓar komai.

Batun sunaye kuwa, wannan ciwon namu ne. Darussan da ake kwafowa suna tantance harafi daga a zuwa z, waɗanda suka rubuta su ba su san da ƙ da ɗ da ɓ ba, balle ƴ da kuke rubutawa a Nijar. Shi isalpha() na Python ya san su duka, zai karɓi Ɗanladi ba gardama. Inda zai tsaya shi ne 'yar alamar nan ta hamza a Sa'adatu da Mu'azu da Isma'ila, domin a wurinsa ba harafi ba ce, haka ma tazarar da ke tsakanin suna da sunan uba. Kina iya ƙara su da hannu, sai dai ki sani alamar iri biyu ce a aikace, miƙaƙƙiya ta allon maɓallai da lanƙwasasshiya wadda Word ke sakawa, duka sai kin yarda da su. Ni dai da ni ne, akwatin suna ba zan sa masa mai gadi ba sam. In an danna botin ajiyewa sai in yi strip() in cire tazarar gefe, in duba ba fanko ba ne, in wuce. Malamin da ke shigar da yara sittin bayan la'asar ya fi manhajarki sanin yadda ake rubuta sunayensu.