Tambaya da Amsa: Wane ne kakan banakul?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A darasin halittun ruwa an ce mana akwai wata halitta mai suna banakul, wai wani jinsinta da ake kira Ibla shi ne na farko. Ta yaya aka gane haka, alhali ba wanda ya ga farkon?
Daga ɗaliba, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Ba za ki samu banakul a Gulbin Maradi ba, halittar teku ce. Amma ƴan kasuwarmu masu zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko Lome suna ganinta manne a ginshiƙai da gindin jirage, farare kamar an yayyafa tsakuwa. Saboda ɓawonta, masana na dā sun sa ta cikin dangin dodon koɗi, sai a 1830 John Vaughan Thompson ya bi yadda ƴaƴanta ke girma, ya ga ashe dangin ƙaguwa ce. Kama da wane ba ta wane. Ɗan yakan yi iyo, ya saɓa sau da yawa, sannan ya liƙa kansa a jikin dutse da wani danƙo, ya rayu ƙafafu a sama, yana tace abinci da su.

Ibla tana da wuya mai gashi, da faranti huɗu kawai a ɓawonta. Wani jinsin, Lepas, mai bin itacen da ruwa ya ɗauko, tana da biyar, wasu kuma sun wuce goma. An daɗe ana lissafin cewa mai faranti kaɗan ita ce tsohuwa, daga baya adadin ya yi ta ƙaruwa. Hujjar da ta fi ƙarfi ba a adadin take ba. Farantin Ibla na ɗauke da sinadarin fosfet, irin na ƙashinmu, sauran kuwa nasu na alli ne. Sannan tsokar da ke rufe ɓawon tana bayan baki a jikin Ibla, a sauran tana gaba. Masanin halittu Charles Darwin, wanda ya shafe shekara takwas, 1846 zuwa 1854, yana feɗe banakul, a jikin Ibla ya tarar da ƙananan maza manne da mace, abin da ya ba shi mamaki ƙwarai.

Da aka zo gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, binciken Pérez-Losada da abokan aikinsa na 2004 da 2008 ya nuna reshen Ibla ne ya fara rabuwa da sauran masu faranti. Amma Lepas ta faɗi jarrabawa: ta fito ne daga cikin masu faranti da yawa, wato zubar da su ta yi. Wannan warewar ta reshen Ibla ce ta sa rabe-raben da masana suka yi a 2021 ya kasa masu faranti gida biyu, masu fosfet da masu alli.

Gyara ɗaya ga abin da aka faɗa muku. Ibla ta yau ba kakar kowa ba ce, ƴar baffa ce da gidansu ya ware tun da wuri, ita ma ta sauya a hanya. A ganinmu kalmar "na farko" tana ɓatar da ɗalibai fiye da yadda take taimaka musu.

Tambaya: Malam, yaya ake yin gwajin ƙwayoyin gadon, kuma me ke ɓata shi?
Daga malamin kimiyya, Tibiri.

Amsa: Malam, yawanci tun bakin teku aikin ke lalacewa. Ana jefa halittar da ranta cikin itanol, wato sinadarin barasa, mai ƙarfin kashi 95, a ɗan buɗe ɓawon don ya ratsa, a sake sabo washegari saboda ruwan jikinta yana tsinka shi. Wanda ya ajiye a fomalin, ruwan da ake adana gawa da shi, ya yi asara, domin yana ɗaure DNA ya kuma kakkarya ta. A yanki ƙafa ko tsoka, kada a taɓa hanji, in ba haka ba abincin da ta ci za a karanta a maimakonta.

Daga nan a ninka gunduwar DNA da ake so a na'urar kwafin DNA da ake kira PCR, zagaye 35 ko kusa da haka: zafin digiri 94 na Salshiyas don raba igiyoyin DNA biyu, wajen 50 don mafarin kwafi ya manne, 72 don gina sabuwar igiya. Zaɓen gunduwar ne ke son hankali. Gunduwar da ake kira COI, mai haruffan DNA kusan 650, tana saurin sauyawa. Ta dace da bambanta jinsi biyu makusanta, amma a tsohuwar rabuwa wuri ɗaya ya sauya sau da yawa har sawun ya goge. Don haka ake haɗawa da gunduwoyi masu jinkirin sauyawa, irin 18S mai harafi wajen 1,800, da 28S da H3.

Akwai tarkon da ke kama har ƙwararru: rassa biyu masu saurin sauyi sukan haɗu a kwamfuta kamar ƴan gida ɗaya, alhali dacewa ce kawai. Masu rayuwa a jikin ƙaguwa, irin Sacculina, waɗanda babbarsu ba faranti ba ƙafa ba hanji, suna cikin masu wahalar sanyawa a bishiyar zuriya. Maganinsa a ƙara yawan jinsunan da aka gwada, sannan a koma a duba ƴaƴansu a madubin ƙara girma, domin siffar ɗan ce ta tabbatar Sacculina banakul ce.