Hukuncin Zama Ɗan Rahoton Jami'an Yaƙi da Ƙwaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Jidda nake zaune, iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta ƙare. Wani jami'i ya nemi in riƙa tsegunta masa masu sayar da ƙwayar kaftagon a unguwarmu, ya ce akwai tukuici, kuma zai duba maganar takarduna. Ya halatta in yarda, ko annamimanci ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kai ƙarar dillalin ƙwaya ga hukuma ba annamimanci ba ne, yana cikin taimakekeniya a kan aikin ƙwarai da Allah Ya yi umarni da ita a Suratul Ma'ida, aya ta 2. Imamu Nawawi ya ce idan akwai buƙata ta shari'a, kamar sanar da shugaba mutumin da ke cutar da jama'a, babu laifi. Wanda kuwa ke sayar wa yaranmu guba, rufa masa asiri zaluntar iyayensu ne.

Amma abin da aka kira ka gare shi ya wuce kai ƙara sau ɗaya. Sana'a ce, kuma a nan tsorona yake. Buhari ya ruwaito cewa an gaya wa Huzaifa, Allah Ya yarda da shi, wani mutum yana kai wa Halifa Usmanu maganganun mutane, sai ya ce ya ji Annabi (SAW) yana cewa annamimi ba zai shiga Aljanna ba. Duba fa, halifa adali ake kai wa.

A ƙasar nan rahotonka na iya kai mutum ga takobi, domin tun 1407 Hijira majalisar manyan malaman Saudiyya, a matsayarta mai lamba 138, ta zartar da kisa a kan mai fasaƙwaurin ƙwaya. Kuma ƙwaya a jakar mutum ba kullum take nuna mai ita ba. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda jakar tiramadol da aka maƙala wa sunanta a filin jirgin Kano, sai a Afrilun 2019 aka wanke ta.

Kai kuwa takardunka suna hannun wanda kake yi wa aiki. Ranar da ba ka ga komai ba, za ka iya cewa ba ka gani ba? Wannan ne ya sa malamanmu na Malikiyya ba sa karɓar shaidar mai jawo wa kansa amfani ko mai tunkuɗe wa kansa cuta, kuma duka biyun sun haɗu a kanka.

Don haka abin da idonka ya gani na dillali, ka faɗa, ko ta lambar wayar hukumar yaƙi da ƙwaya, 995, ba ƙari, ba zato, ba jita-jita. Tukuici a kan gaskiya halal ne. Haramun ne ka ba da sunan abokin gabarka don ramuwa, ko ka zuga wanda ba ya harkar ya sayo don a kama shi, ko ka laɓe a gidajen mutane, domin Hujurat aya ta 12 ta hana. Yaron da ke sha a ɓoye, nasiha da asibiti ya fi buƙata.

Riƙe kai rahoton a matsayin aikin dindindin kuwa, a halin da kake ciki, ban halatta maka ba. Ka gyara iƙamarka ta hanyarta, ka kuma tuna dillalai ba sa yafe wa wanda ya tona su, iyalinka kuma suna da haƙƙi a kanka.

Wallahu a'alam.