Filin Tambaya da Amsa: Ƙasar rumfar latas ta gaji, ina mafita?

Wasiƙun wannan karon kusan duk daga masu noman latas na sayarwa ne a cikin rumfar leda ko gidan gilashi, kuma kukansu ɗaya: ƙasar da ta yi musu albarka a shekarar farko ta soma juya musu baya. Mun zaɓi biyar.

TAMBAYA: Shekarata uku ina noman latas a rumfar leda, ina ban ruwa da bututun ɗigo. Bana latas ɗin ya tsumbure, ganyen ya yi duhu ya yi kauri, kuma ina ganin wani fari-fari kamar kanwa a gefen fangali. Na ƙara taki, abin sai ƙara lalacewa yake yi. Daga wani manomi.

AMSA: Malam, ka ajiye buhun takin nan tukuna. Ƙasarka ba yunwa take ji ba, gishiri ne ya yi mata yawa. A fili, ruwan sama kan wanke ƙasa duk shekara, amma a ƙarƙashin rufi babu mai wanke ta. Takin zamani, kashin dabbobi, har ruwan da kake bayarwa, kowanne yana barin gishirinsa. Shuka ta sha ruwa, zafi ya ƙafar da saura, gishiri ya zauna yana taruwa. Bututun ɗigo kuma yana tura shi zuwa iyakar inda laima ta tsaya, shi ya sa kake ganin farin a gefe. Idan gishiri ya yi yawa, saiwa ba ta iya zuƙo ruwa sai da wahala, sai ka ga shuka tana fama da ƙishi alhali ƙasa a jiƙe take.

Latas ba ya jure gishiri. Bisa jadawalin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amfaninsa kan fara raguwa da zarar ma'aunin gishirin ƙasa, wato EC, ya haura 1.3. A 2.1 an rasa kashi 10 cikin 100, a 3.2 rubu'i ya tafi, a 5.1 kuwa rabi. Amma ka kula, waɗannan alƙaluma na awon da ake yi ne da ruwan da aka tace daga ƙasar da aka kwaɓa ta ƙoshi. Idan ɗakin gwaji ya haɗa ƙasa awo ɗaya da ruwa awo biyu ko biyar, lambar da za ta fito ta fi ƙanƙanta, sai ka zaci lafiya lau ne. Ka tambaye su hanyar da suka bi.

Wajen ɗibar samfuri, ka ɗebo daga wurare 15 zuwa 20 a rumfar ka gauraya. Ka ware na saman santimita 5 daban, na ƙasa da shi zuwa santimita 20 daban, domin gishirin a sama ya fi taruwa. Ka kai ruwanka ma a auna. Wanda EC ɗinsa bai wuce 0.9 ba shi ne latas yake sha ba tare da asara ba.

Magani shi ne wanki. Bayan girbi ka kankare ɓawon farin ka fitar da shi waje. Sannan ka haƙa rami mai zurfin rabin mita ka cika shi da ruwa. Idan washegari ruwan yana nan kwance, ƙasarka ba ta tsiyaya, kuma wanki ba zai yi ba sai an gyara magudana, don gishirin ba shi da inda za shi. Idan ta shanye, ka zuba kimanin lita 150 na ruwa mai kyau a kowace murabba'in mita. Wannan kan rage kusan rabin gishirin da ke saman santimita 30. Lita 300 kan kwashe kusan kashi huɗu cikin biyar. Da abin feshi za ka yi, ba da bututun ɗigo ba, kuma ka raba ruwan cikin kwana biyu ko uku, don wanda ya ratsa a hankali ya fi wanda aka kwarara lokaci guda aiki. Wanda ledar rufinsa ta isa canji, ya cire ta ya bar ruwan sama ya yi masa aikin.

Jifsam, farin ma'adinin da ake zubawa don gyara ƙasa, yana da amfani ne kawai idan gwaji ya nuna sodiyam ne ya yi yawa. In ba haka ba, shi ma gishiri ne kake ƙarawa. Bayan wanki ka sake awo, don naitirojin ma ya bi ruwan. Latas na bukatar kimanin giram 10 zuwa 15 na naitirojin a murabba'in mita a zagaye ɗaya, kuma mafi yawansa a makonni uku zuwa huɗu na ƙarshe yake ci. Saboda haka kada ka zuba duka ranar dashe. Ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a cikin ruwa.

TAMBAYA: Latas ɗina yakan kusa isa yanka sai ya zube ƙasa dare ɗaya. In na ɗaga sai in ga gindin ya ruɓe da farar funfuna kamar auduga, da wasu baƙaƙen ƙwayoyi. Duk zagaye abin ƙaruwa yake. Daga wata mai rumfuna biyu.

AMSA: Hajiya, wannan cutar siklerotiniya ce, kuma baƙaƙen ƙwayoyin nan su ne irinta. Suna iya kwanciya a ƙasa shekaru suna jira. Duk kan latas ɗaya da ya ruɓe aka bar shi, ko aka kafce shi cikin ƙasa, ya bar wa zagaye na gaba gado mai yawa. Don haka ki riƙa tuge wanda ya kamu tare da ƙasar gindinsa, ki sa a buhu tun a wurin, a fitar a ƙone ko a binne da zurfi nesa da rumfa. Kada ya shiga jujin taki.

Cutar tana son laima a wuyan shuka. Ki ɗaga fangali kamar santimita 15 zuwa 20, kada ki nutsar da dashe har ganyen ƙasa ya kwanta a kan taɓo, ki ba da ruwa da safe don saman ƙasa ya bushe kafin dare, ki kuma buɗe rumfa iska ta ratsa.

Tunda ta riga ta yi ƙarfi, muna ba ki shawarar ki gasa ƙasar da rana a lokacin da ya fi zafi a shekara. Ki kafce, ki fasa hoge, ki daidaita, ki jiƙa ta sosai har zurfin santimita 30, sannan ki shimfiɗa siririyar leda garai-garai wadda ake ganin ƙasa ta cikinta, ki binne gefunanta kada iska ta shiga. Baƙar leda ba ta kai wannan aiki ba. Ki rufe rumfar ruf na mako 4 zuwa 6. Busasshiyar ƙasa ba ta gasuwa, kuma nan ne yawancin masu gwadawa suke faɗuwa. Bayan an yaye ledar kada a yi kafta mai zurfi, don zafin a sama ya fi tasiri, za a tono masu rai daga ƙasa.

Abin da masu kasuwa ba sa son ji shi ne hutu. Latas bayan latas babu yankewa kiwon cuta ne. Da yake kina da rumfuna biyu, ki riƙa ba ɗaya hutu da dangin ciyawa kamar dawa ko ciyawar sudan, waɗanda wannan cuta ba ta ci, a yanke su suna kore a mayar cikin ƙasa. Wake da tumatir kuwa suna iya kamuwa, ba hutu ba ne. Magungunan ƙwayoyin halitta irin su tirikodama suna taimakawa idan aka sa bayan an gasa ƙasar, amma ba sa maye gurbin tsafta.

TAMBAYA: Bakin ganyen da ke tsakiyar kan latas yana ƙonewa ya yi ruwan ƙasa. An ce rashin kalsiyam ne, in zuba farar ƙasa. Nawa zan zuba?

AMSA: Mai yiwuwa ko kaɗan. Gaskiya ne kalsiyam ne bai isa ganyen ba, amma galibi yana nan a ƙasa, hanyar zuwa ce ta toshe. Kalsiyam yana bin ruwan da ganye ke fitarwa, ganyen ciki kuwa a lulluɓe yake, ba ya fitar da ruwa sosai. Idan zafi da yawan naitirojin suka sa shuka girma da gaggawa, sabon ganye sai ya girma bai samu rabonsa ba. Ka daidaita ban ruwa kada ƙasa ta riƙa bushewa tana jiƙewa, ka rage taki mai amoniyam don yana gogayya da kalsiyam a saiwa, ka sa fanka mai hura iska kan shuka, ka sa inuwa a tsakar zafi, ka kuma nemi irin da ke jure wannan matsala. Feshin kalsiyam ba ya kai wa ga ganyen da ya riga ya lulluɓe. Farar ƙasa sai idan awon tsami, wato pH, ya yi ƙasa da 6.0. Latas ya fi son 6.0 zuwa 6.8, kuma in ka tura shi sama da 7.5 sinadarin ƙarfe da manganis za su kulle, garin neman gira a rasa ido.

TAMBAYA: Ina samun kashin kaji da yawa. Zan iya zuba shi kai tsaye kafin dashe?

AMSA: A'a, saboda dalilai biyu. Ɗanyen kashin kaji yana da gishiri da amoniya masu ƙona saiwa, kuma in aka maimaita shi shekara da shekaru fosfaras yana taruwa fiye da bukata. Na biyun ya fi nauyi: latas ɗanye ake cin sa, kuma kashi na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su salmonela. Ƙa'idar noman da ba na sinadari ba a Amurka ta ce a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen taki da girbin amfanin da ke taɓa ƙasa. Latas bai kai wannan kwanakin a fangali ba.

Ka ruɓar da shi tukuna. Ka haɗa awo ɗaya na kashin da awo biyu zuwa uku na busasshen abu kamar yankakken kara ko busasshen ganye, ka jiƙa har in ka matse a hannu ya dunƙule ba ya zubar da ruwa. Tarin ya kai aƙalla mita ɗaya a tsawo da faɗi don ya riƙe zafi. Ka samu ma'aunin zafi mai dogon tsinke: ana so cikinsa ya kai digiri 55 ko fiye na kwana 15, ana juya shi sau biyar, don na gefe ma ya shiga tsakiya. Sannan ka bar shi ya huce ya nuna na wata ɗaya zuwa biyu. Kafin ya shiga rumfa ka gwada: shuka irin latas a tukunya mai takin gauraye da ƙasa, da wata mai ƙasa zalla. In na takin ya ƙi fitowa ko ya yi rawaya, bai nuna ba.

Lita 20 zuwa 30 a murabba'in mita, wato kaurin santimita 2 zuwa 3, sau ɗaya a shekara ya isa yawancin rumfuna. Ɗanyen garin katako kada a gauraya shi cikin ƙasa, don ƙwayoyin da ke ruɓar da shi za su kwashe naitirojin su bar latas ya yi rawaya.

TAMBAYA: Ina kafta da ƙaramin inji kowane zagaye, saman ƙasa laushi kamar gari, amma ruwa yana kwanciya kuma saiwa gajeru ce.

AMSA: Wuƙaƙen injin suna dukan wuri ɗaya kullum, sun yi maka daɓe a ƙarƙashi. Ka soka sandar ƙarfe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, za ka ji ta cije a wajen santimita 15 zuwa 20. Ka fasa daɓen da dogon cokalin haƙa mai yatsu, ka soka santimita 30 ka girgiza ba tare da kifar da ƙasar ba, kuma a lokacin da take da ɗan danshi, ba tana taɓo ba. Daga nan ka tsayar da fangali na dindindin mai faɗin kamar mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe, a daina taka shi. Tsakanin zagaye da zagaye, sassauta saman santimita 5 da manjagara ya wadatar. Bayan wata shida ka sake soka sandar a wurin da ka gwada da farko, ka kuma tona ka duba ko tsutsar ƙasa, wato tana, ta soma dawowa.