Daga Kano zuwa Legas da iyali: a tuƙa mota ko a hau jirgi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Kano. Za a ɗaura wa ƙanina aure a Agege, jihar Legas, a ƙarshen watan Disamba. Mu shida ne za mu je: ni, da maiɗakina, da yara uku (ɗan shekara 9, da 'yar shekara 5, da jaririya mai wata 10), sai mahaifiyata wadda ta haura shekara 70, tana fama da ciwon suga da ciwon gwiwa. Ina da Sienna mai lafiya. Na duba kuɗin tikitin jirgi na ga ya fi ƙarfina, shi ya sa nake tunanin mu tashi da asuba mu isa Legas da daddare, ni kaɗai zan tuƙa. Wanne ya fi, mota ko jirgi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Malam, kafin a zo maganar kuɗi, akwai abu ɗaya a cikin wasiƙarka da nake roƙonka ka ajiye shi gefe tun yanzu, wato shirin cewa kai kaɗai za ka riƙe sitiyari daga Kano har Legas a rana guda. Wannan shirin ba ya yiwuwa cikin aminci, ko da motar jiya ta fito daga kamfani.

Ga dalili. Idan ka bi ta Mokwa da Jebba da Ilori, tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000. Idan ka bi ta Abuja da Lokoja da Okene da Akure ka faɗa Ibadan, ta doshi kilomita 1,200. Mutane da yawa suna raba wannan nisa da gudun kilomita 100 a awa, sai su ga awa 10 ko 12, su ce ai abu ne mai sauƙi. Amma a hanyoyinmu ba a samun wannan lissafin. Akwai ramuka, akwai wuraren da ake aiki an mayar da kowa hannu ɗaya, akwai shingayen bincike, akwai jerin tireloli da tankoki da za ka bi bayansu ba halin wucewa, ga tsayawa shan mai da sallah da bayan gida, balle da yara da dattijuwa a mota. Idan ka haɗa duka, in ka samu kilomita 60 a kowace awa ka yi ƙoƙari. Ke nan kana maganar awa 17 zuwa 20 a kan hanya. A watan Disamba kuwa hasken rana bai cika awa 12 ba. Duk sammakon da ka yi, dare zai riske ka tun kana tsakiyar tafiya, a daidai lokacin da idonka ya yi nauyi, ƙafarka ta gaji, fitilun manyan motoci na kashe maka ido. Gyangyaɗin daƙiƙa uku a gudun kilomita 100 yana nufin motar ta yi tafiyar fiye da mita 80 ba tare da mai lura da ita ba. Goro da shayi da kofi suna jinkirta barci ne kawai, ba sa biyan bashinsa.

Saboda haka idan mota ce, tafiyar kwana biyu ce zuwa, kwana biyu dawowa, da direbobi biyu da za su riƙa karɓar juna. Da wannan ya kamata ka gwada kuɗin jirgi.

To mu zo kuɗin. Ba zan rubuta maka farashi ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 farashin lita da na tikiti ba sa zama wuri ɗaya. Zan dai nuna maka yadda za ka lissafa da kanka da farashin ranar. Sienna ɗauke da mutane da kaya, ga na'urar sanyaya mota a kunne, ka ƙiyasta mata lita 12 zuwa 13 a kowane kilomita 100. Zuwa da dawowa ta hanyar Lokoja, da ɗan yawon cikin gari, ka ware mata lita 300 ko sama da haka. Ka ninka da kuɗin lita. Sai ka ɗora kuɗin masauki na dare biyu, ɗaki biyu aƙalla, da abincin mutum bakwai na kwana huɗu, da sallamar direban da zai taya ka. Sai kuma abin da akasari ake mantawa: sabis ɗin da dole a yi wa motar kafin a tashi, canjin baƙin mai, duba birki da lagireto, wataƙila da sabbin tayoyi, sannan gyaran da za ta nema bayan an dawo. Ka kuma riƙe wani abu a aljihu saboda ɓacin rana, don bakaniken bakin hanya da ya ga baƙuwar lamba da iyali a mota ba farashin unguwarku zai yi maka ba.

A jirgi kuwa kai ake ƙirgawa. Ku shida ne, amma kujera biyar za ku biya, domin jaririn da bai kai shekara 2 ba a cinya ake riƙe shi, kuɗinsa kaɗan ne. Kujera biyar zuwa da dawowa tikiti goma ke nan, a ƙarshen Disamba, lokacin da tikiti ya fi tsada a duk shekara. Ga kuɗin kaya idan sun wuce nauyin da aka yarda wa kowane fasinja, kuma kayan biki da tsaraba ba sa rasa wucewa. A nan gaskiyarka ce, ko an haɗa duk abin da na lissafa, mota za ta fi sauƙi ga mutum shida. Da kai kaɗai ne, ko kai da mutum ɗaya, da na ce ka ajiye motar a gida, don kuɗin mai da masauki da wahalar motar za su kusan cinye bambancin, ga kwana huɗu na aikinka da za su tafi a kan titi alhali jirgi awa ɗaya da rabi yake yi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Ikeja.

Sai dai ni ba na ganin dole ne ku duka ku bi hanya ɗaya. Shawarata ita ce a raba tafiyar. Hajiya da maiɗakinka da jaririyar su hau jirgi, kujera biyu ke nan da ɗan kuɗin jaririya. Kai da direba na biyu da manyan yaran biyu da dukkan kaya ku bi mota, ku riga su tashi da kwana biyu, ku ne ma za ku je tarbarsu a filin jirgi. Abin da ya ƙara wa wannan tsari kyau shi ne Agege maƙwabciyar Ikeja ce, filin jirgin Murtala Muhammed yana nan kusa, ba sai sun ratsa tsakiyar Legas ba.

Na dage kan Hajiya ne saboda abin da ka faɗa game da lafiyarta. Zaman awa goma a mota ƙafa a lanƙwashe yana kumbura ƙafar tsoho, yana tayar da ciwon gwiwa, kuma likitoci suna gargaɗi cewa dogon zama wuri ɗaya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Mai ciwon suga yana buƙatar cin abinci da shan magani a kan lokaci, yana yawan buƙatar bayan gida, idan kuma allurar insulin take yi, zafin mota yana lalata ta. Iyayenmu mata kuma ka san halinsu, sai ta ƙi shan ruwa don kada ta sa a yi ta tsayawa dominta, ta yi shiru tana shan wahala ba za ta faɗa ba. Idan sukarinta ya faɗi a tsakanin Kabba da Owo da yamma, ina za ka nufa da ita? A jirgi kuwa, lokacin sayen tikiti za ka iya neman a tanadar mata keken guragu daga wurin tantance fasinjoji har bakin jirgi. Magungunanta su kasance a jakar hannu, kada su shiga akwatin da za a loda. Ta ga likitanta kafin tafiyar, kuma ta riƙe dabino ko wani abu mai zaƙi. Idan ba ta taɓa hawa jirgi ba kuma tana jin tsoro, a zaunar da ita a yi mata bayani tun da wuri, kada a bari sai ranar tafiya.

Jirgin ma yana da nasa matsalar, kuma ta lokacin da za ku tafi ce. Disamba da Janairu hazon hunturu yakan sauka a Kano har matuƙin jirgi ya kasa ganin titin sauka, sai a jinkirta tashi ko a soke shi gaba ɗaya. Don haka kada a saya musu tikitin ranar ɗaurin aure, kada ma na jajibiri. A bar tazarar kwana biyu, a zaɓi jirgin safe, domin jinkiri yakan taru ne a kan na yamma. A sayi tikitin tun yanzu, farashi hawa yake yi yayin da ranar ke matsowa. Sunan da ke kan tikiti ya dace da na katin shaida. Ka kuma sani cewa dokokin NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama a Najeriya, sun ba fasinja haƙƙi idan an soke tashi ko jinkiri ya yi tsawo, har da mayar masa da kuɗinsa, saboda haka a adana tikiti da duk saƙon da kamfani ya turo.

Ku kuma masu mota, ni da zan zaɓa muku, hanyar Abuja da Lokoja zan ce ku bi duk da ta fi tsawo. Tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari zuwa Tegina ta yi shekaru tana fama da 'yan bindiga, shi ya sa masu zuwa Jebba da yawa suke zagayawa ta Lambata da Bida, wadda ita ma tireloli sun yi mata yawa, ga lalacewa. Ku tashi bayan sallar asuba, ku wuce Zariya da Kaduna da safe, ku ratsa Zuba da Gwagwalada da Abaji, ku haye gadar Jamata a kan kogin Neja, ku kwana a Lokoja kafin magariba. Kashegari ku yi sammako ta Okene da Owo da Akure da Ife zuwa Ibadan. Ambaliyar da ta datse wannan hanya a wajen Koton Karfe a 2012 da 2022 matsalar ƙarshen damina ce, a Disamba ruwa ya janye. Amma labarin tsaro yana canzawa daga mako zuwa mako, don haka kwana ɗaya kafin ku tashi ka je tasha ka tambayi direbobin haya da suka dawo daga hanyar a ranar. Su ne suka fi kowa sanin inda ake wucewa da inda ba a bi bayan la'asar. Ƙa'ida ɗaya ba ta canzawa: inda magariba ta same ku, nan za ku kwana, ko da saura awa biyu ku isa. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Game da motar, ka kai ta wurin bakanike mako ɗaya kafin tafiya, don idan an taɓa wani abu bai zauna ba ya nuna kansa a cikin gari. Ka duba tayoyi da kanka. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya tana iya zama da zane mai kyau amma robarta ta tsufa ta bushe, irinta ce ke fashewa a kan kwalta mai zafi da lodi. Safaya ta kasance da iska, jak da sifana suna nan. Takardun mota da lasisin ku biyun su zama ba su ƙare ba, ga abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, don jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan sanda za su tambaya, kuma a kudu ana yawan tambaya. Yara su zauna a baya, kowa da bel. Ku riƙa canjin hannu duk bayan awa biyu ko uku, wanda ya sauka ya yi barci na gaske. Sallah ba za ta zama dalilin gaggawa ba, tunda matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗa salloli.

Zangon ƙarshe, daga Ibadan zuwa Legas, kilomita 120 da 'yan kai ne, amma a Disamba cunkoso yakan riƙe mutum awanni, musamman daga Mowe da Ibafo zuwa Berger. Ka yi ƙoƙari ku shiga da sauran rana. Idan kun isa Agege, ka ajiye motar a gidan 'yan uwa, ka bar ɗan gari ya riƙa jan ku ko ku ɗauki tasi. Legas tana da tituna masu hannu ɗaya da baƙo ba zai gane ba, da layin da aka ware wa manyan motocin bas na haya da ake kira BRT, kuma hukuncin saɓa su yana da tsanani, har da kama mota.

Idan ka lissafa ka ga ko kujera biyun ma aljihu ba zai ɗauka ba, to ka yi magana da ango da sauran 'yan uwa a haɗa kuɗin tikitin Hajiya da mai rakiyarta, ai uwar kowa ce. Idan kuma ba ka samu direba na biyu da ka amince da hannunsa ba, kada ka fita da motar. Ka aika kayan ta motocin safa da ke tashi daga Sabon Gari, ka bar manyan yaran wurin dangi, ka sayi kujera ta uku ka raka Hajiya da maiɗakinka a jirgi.