Zan iya zuba ruwan lagireto a bututun mota mai ɗaki don kada ya daskare?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a jihar Minnesota ta Amurka. A bana na sayi tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda suke kira RV, mai kicin da banɗaki da tankin ruwa, muna fita da ita da iyali. Yanzu Oktoba ta kama, an ce mako mai zuwa sanyin dare zai sauka ƙasa da sifiri, ga shi a waje take kwana. Wanda ya sayar mini ya ce in na yi sake bututun duk za su fashe. Wani abokin aikina ya ce in juye ruwan lagireto, wato maganin hana daskarewa na injin mota, a tanki in kunna famfo, in sanyi ya wuce in wanke. Har na sayo galan biyu, amma hankalina bai kwanta ba, don a famfon nan maiɗakina take haɗa wa jaririyarmu madara. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Galan biyun nan kada ka ko buɗe murfinsu. Nemo rasit ka mayar wa masu kanti. Zan dawo kansu, don ina da magana a bakina, amma bari mu fara da aikin tunda sanyi ba ya jira.

Ruwa in ya zama ƙanƙara yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari. Bututun roba ja da shuɗi da ke cikin yawancin motocin nan yana da ɗan haƙuri, yakan miƙe ya koma. Marasa haƙurin su ne mahaɗan bututu, da kan injin tura ruwa, da bawul ɗin bayan masai, da shawar waje, sai uwa uba tankin hita mai dafa ruwan zafi. Kuma ba ranar da suka tsage za ka sani ba. Sai watan Afrilu, ka cika tanki da murna, ka ga ruwa yana bin ƙarƙashin kabad.

Kashe hita tukuna, gas da lantarki duka, ka bar ta ta huce. Ɗaga ɗan hannun bawul ɗin rage matsi, sannan ka kwance toshiyarta. In hitar ƙirar kamfanin Suburban ce, toshiyar tana haɗe da sandar ƙarfe wadda tsatsa ke ci a madadin tankin. In ka ga ta zagwanye sai ka canza ta. In Atwood ce, farar roba ce kawai. Wanda ya kwance ta da zafi da matsi, ruwan zafin a ƙirji zai same shi. Zubar da babban tanki, zubar da tankin bahaya da na ruwan wanka a wurin da aka tanada, sannan ka leƙa ƙarƙashin mota ka buɗe ƙananan bututu biyun nan, ja da shuɗi, ka bar famfunan ciki a buɗe. Cire matatar ruwa in akwai. In kana da kwamfuresa, wato injin hura iska, rufe komai ka haɗa ta a mashigar ruwan waje, matsin iskar kada ya wuce 40 a ma'aunin psi, ka riƙa buɗe famfo ɗaya-ɗaya har ya daina tofar da yawu.

Sai ka juya bawul ɗin da ke bayan hita ya kewaye ta. Hitar nan galan 6 ko 10 take ci, in ka manta sai ta shanye maganin hana daskarewar da za ka zuba duka kafin ɗigo ya isa kicin. Maganin kuma ba a babban tanki ake juye shi ba. Sa tiyon injin tura ruwa cikin jarkar kai tsaye, kunna, ka bi famfo ɗaya bayan ɗaya, ɓangaren sanyi sannan na zafi, har launin maganin, wato ruwan hoda, ya fito sosai. Taka masai shi ma ya nuna launi. Fita ka yi wa shawar waje. Zuba kofi guda a kowace magudana, don akwai ruwan da ke kwance a lanƙwasar ƙarƙashinta. Galan 2 zuwa 3 sun ishi yawancin motoci.

To, wane magani? Nan ne maganar take.

Babu kakar da za ta wuce ban ji wannan fatawa ta abokin aikinka ba: wai na lagireto da na bututun ruwan sha duk ɗaya ne, sunan ma ɗaya ne a jikin jarka, antifreeze, na bututun tsada kawai aka ɗora masa. Sunan ɗaya ne, gaskiya. Abin da ke ciki ne ba ɗaya ba. Na bututun ruwan sha da sinadarin furofilin gilaikol ake yin sa, wanda ake sa irinsa har a abinci da magunguna. Na lagireto yawanci etilin gilaikol ne, guba tsantsa. Ba shi da wari, kuma a asalinsa zaƙi gare shi, shi ya sa kare da kyanwa suke lashe shi a ƙasan gareji su mutu. In ya shiga ciki, hanta ce take juya shi ya zama asid, asid ɗin ya haɗu da sinadarin kalsiyam ya zama ƙananan tsakuwoyi masu toshe ƙoda. Da farko mutum yakan yi kamar mai maye, ya yi tangaɗi ya yi amai, daga nan ya ɗan farfaɗo har a ce ya ji sauƙi. Bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya tsaya. Abin da bai kai rabin kofin shayi ba yana iya kashe ƙato. Jaririyar da ba ta fi kilo shida ko bakwai ba fa?

Mu da muka fito daga gida bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba. Ka tuna maganin haƙoran yara na My Pikin, a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009? Yara 84 aka tabbatar sun rasu a Najeriya. Abin da ya kashe su dayetilin gilaikol ne, ɗan'uwan wannan da ke cikin but ɗinka, ya shiga maganin a gurbin furofilin gilaikol. A 2022 aka sake ganin irinsa a Gambiya, maganin tari mai gurɓata da dayetilin da etilin gilaikol, yara fiye da 60. Musanya wancan da wannan, ita ce dai shawarar da aka ba ka kyauta a wurin aiki.

Zai ce ai za a wanke. Da me zai auna cewa ya wanku? Tankin nan bakin magudanarsa ba a can ƙasa yake ba, kullum akwai ruwan da ke makalewa. Akwai lungunan bututu, akwai cikin injin, akwai tiyon shawa. Shi furofilin, in ɗan kaɗan ya rage, iyakarsa shayinka ya yi wani ɗanɗano ka yi tsaki ka sake ɗauraya. Wancan in ya rage, a nan za a cika buta a kurkure baki wajen alwala, a nan za a wanke kwalbar madara. Zai ce yanzu kamfanoni suna sa masa abu mai ɗaci. Suna sawa, don yaro ya tofar in ya kurɓa daga jarka. Ɗaci bai cire gubar ba, kuma in ruwa galan talatin ya tsarma shi harshenka ba ma'auni ba ne.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa a duba launi: kore na inji, ruwan hoda na sha. Wannan ilimin zamanin da ne. Yau ruwan lagireton Toyota ruwan hoda ne, na wasu motocin ja, na wasu ruwan lemo. Na taɓa cire tiyo a wata mota da aka kawo mini, ruwan hoda mai kyau ya zubo, maigidan yana ta yabon kansa, sai da ya ɗauko jarkar muka juya bayanta. Ranar ba gyara muka yi ba, tanki da injin da bututun duka muka fitar. Karanta rubutun baya. In ba ka ga an ce na bututun ruwan sha ne na RV ko jirgin ruwa ba, ko ka ga kalmar etilin, ajiye. Akwai kuma mai araha da ake haɗawa da barasar etanol; ba na son sa, yana busar da robobin bawul, yana kama wuta.

Lambar -50 da ke jikin jarka kuma, a ma'aunin Faranhait take, wajen -46 ke nan a Salsiyas, kuma ma'anarta ba zai fasa bututu ba har zuwa nan. Tun kafin nan zai yi kauri kamar kunu. In ka leƙa a Janairu ka gan shi haka, lafiya lau ne. Kada dai ka tsarma shi da ruwa don ya auku.

Su kuma masu cewa a bar risho ko murhun gas a kunne cikin motar ya ɗumama bututu, ban san me zan ce musu ba. Bututun a bayan bango da ƙarƙashin daɓe suke, zafin ba ya isa can, iskar da ke kashe mutum cikin barci ce kawai take taruwa. Mutum ya kashe dubban daloli ya sayi mota, ya zo kan jarkar 'yan daloli ya tsaya karɓar fatawa a wurin cin abincin rana! Wanda bai sani ba ya ce bai sani ba mana, ba a ɗaure kowa a kan haka. Iyalin nan amana ce a hannunka, kuma Allah Ya saka wa wannan rashin kwanciyar hankalin naka da alheri.

In sanyi ya wuce, mayar da toshiyar hita da bawul ɗinta, ɗauraye bututu har launin ya ɓace, zuba rubu'in kofi na bilic a kowane galan 15 na ruwa, bar shi ya kwana, ka sake ɗaurayewa. Kada ka kunna hita sai ka tabbatar ta cika. Lambar cibiyar guba ta Amurka, 1-800-222-1222, rubuta ta a jikin ƙofar kicin ɗin motar. Abokin naka kuma, tambaye shi ko ya taɓa yi wa tasa haka, da kuma su wa suke shan ruwanta.